Hannu a Kan Faifai

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da garmaho ya san dokar da ba a taka ta: ba a taɓa fuskar faifai. Ta gefe ake riƙe shi, a hure masa ƙura, a ɗora allura a hankali, sannan a koma a zauna har waƙa ta kai ƙarshenta. Yaron da ya kuskura ya ɗora yatsa a kan faifai yana cikin juyi, ranar sai jikinsa ya gaya masa.

Wannan dokar ce ke aiki a gidan su Joseph Saddler, a unguwar Bronx ta birnin Niyok, a shekarun 1960. Mahaifinsa mutum ne mai tara fayafayai, yana da ma'ajiyar da ya hana kowa buɗewa. Da ya fita aiki sai yaron ya jawo kujera ya taka, ya zaro faifai ya ɗora. Uban ya dawo ya gane, ya zane shi, gobe ya sake. Yaron nan shi ne duniya ta sani daga baya da suna Grandmaster Flash, kuma sana'ar da ta ɗaukaka shi ita ce dai abin da aka yi ta dukansa a kai: sa hannu a kan faifai, a tsayar da shi, a mai da shi baya, a sake shi lokacin da aka ga dama.

Idan masu shekaru suka zauna begen hip-hop na farko, raha suka fi tunawa. Baitocin barkwanci, cika baki irin na wasa, hulunan Kangol, takalman Adidas marasa igiya, samari na juyi da ka a kan kwali. Ba su yi ƙarya ba. Kafin a shiga waƙe bindiga da hodar iblis da motocin alfarma, kiɗan nan na gidan biki ne, kuma babban burin mai riƙe da makirufo shi ne ya sa mutane dariya da rawa. Amma ni in aka tambaye ni inda nishaɗin ya ɓuɓɓugo, zan tsallake mai makirufo in nuna wanda ke bayansa, tsaye gaban garmaho biyu, kai a karkace, kafaɗa ta danne hedifon a kunne ɗaya, zufa na tsiyaya. Duk sauƙin da ake ji a kiɗan, wahalarsa a hannun wannan mutumin take.

Abin ya faro ne daga lura. Clive Campbell, haifaffen Kingston ta Jamaika a 1955, ya zo Bronx yana ɗan shekara 12, kansa cike da manyan lasifikun da ya ga ana girkewa a filayen rawa na garinsu. Girman jikinsa ya sa 'yan makarantarsu ke ce masa Hercules, shi kuma ya taƙaita ya koma Kool Herc. Ranar 11 ga Agusta, 1973, ƙanwarsa Cindy ta shirya ɗan biki a zauren taro na benen da suke haya, lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin tufafin komawa makaranta. Mata santi 25, maza santi 50. Yayan nata ne ya sa kiɗa. Yanzu ranar nan ake lissafawa a matsayin ranar haihuwar hip-hop, ko da yake a cikin waɗanda suka biya kuɗin ƙofa ba wanda ya san ana haihuwar wani abu.

Ga abin da Herc ya lura da shi. A yawancin waƙoƙin rawa na lokacin akwai wata gaɓa da mawaƙi kan yi shiru, masu busa da masu jita su janye, a bar mai ganga shi kaɗai yana cin karensa babu babbaka. Gaɓar ba ta da tsawo: sakan biyar, sakan goma, in ta yi yawa rabin minti. Amma akwai samarin da ke jingine da bango tun farkon waƙa, ko kafaɗa ba sa kaɗawa, ita suke jira. Tana zuwa sai su faɗa tsakiyar fili su zuba abin da suka kwana suna koya, kafin su yi nisa mawaƙi ya dawo, su koma bango. Herc ya ce to me zai hana a ba su gaɓar gangar kaɗai, a yar da sauran waƙar? Ya fara jera su ɗaya bayan ɗaya: daga "Give It Up or Turnit a Loose" ta James Brown ya tsallaka "Bongo Rock" ta Incredible Bongo Band, ya faɗa "The Mexican" ta ƙungiyar Babe Ruth ta Ingila. Sai kuma ya riƙa sayen faifai iri ɗaya guda biyu, ɗaya a garmahon hagu ɗaya a na dama, gaɓa tana ƙarewa a wannan sai ya tashe ta a wancan. Sakan goma ya zama minti biyar. Samarin bangon nan su ne suka zama 'yan birekdans.

Herc yana da kunne, yana da fayafayan da ba wanda ya san inda ya tono su, yana da lasifikun da in ya murɗa su sai kiɗan kowa ya nutse. Daidaito ne ya rasa. Da ido yake ɗora allura, kirdado yake yi. Wani lokaci ta faɗa daidai, wani lokaci ta faɗa gaba ko baya kaɗan, kiɗa ya yi tuntuɓe, ƙafafun 'yan rawa su harɗe kafin su sake kamawa. Jama'a ba su damu ba. Mutum ɗaya ne abin ya hana barci.

Flash, wanda aka haifa a Barbados a 1958, ya karanta aikin lantarki a makarantar koyon sana'a ta Samuel Gompers, kuma tun yana ƙarami ba na'urar da ke tsira a gidansu bai kwance ta ya ga cikinta ba. Kayan kiɗansa na farko daga juji da matattun motoci ya tsinto su. Ya saurari Herc ya ce wannan ya san abin da za a sa. Ya saurari Pete DJ Jones, wani babban DJ na gidajen disko wanda ke haɗa waƙa da waƙa ba a jin ɗinki, ya ce wannan ya san yadda za a sa. Sai ya rufe kansa a ɗaki, a faɗarsa na kusan shekara uku, ba ƙwallo ba zance, yana neman yadda zai haɗa biyun.

Matsala ta farko ita ce yadda za ka ji faifan da jama'a ba sa ji. Tsakanin garmaho biyu akwai akwatin haɗa sauti, miksa, wanda ke zaɓar wanda zai fita ta lasifika. Na Flash na araha ne, ba shi da hanyar leƙen ɗaya faifan a ɓoye. Ya ga irin hanyar a kayan Jones, ya je shagon kayan lantarki ya sayo ɗan makunni, ya liƙa shi da gam a jikin miksa, ya ja waya zuwa hedifon. Daga ranar kunnensa ɗaya yana tare da jama'a, ɗayan yana can gaba inda ba su kai ba tukuna.

Ta biyu ta fi wuya, domin ba a ƙera garmaho don a riƙe masa faifai ba. Robar da ke kan faranti aikinta kama faifai, in ka danne shi sai ka danne injin gaba ɗaya, in ka saki sai sauti ya taso da jan jiki kamar mai tashi daga barci. Mahaifiyar Flash tela ce. Ya ɗauki wani yadi mai kauri da laushi daga kayanta, ya yanka shi daidai faɗin faifai, ya sa masa sitati ya goge har ya ƙage, ya shimfiɗa takarda mai santsi a ƙarƙashinsa, ya cire robar. Yanzu faranti na ci gaba da juyinsa a ƙasa, faifai na tsaye cak a ƙarƙashin yatsu, ana ɗage yatsu ya tafi da cikakken gudu. Sa'a kuma ta zo daga Japan: kamfanin Matsushita ya fitar da Technics SL-1200 a 1972, garmahon da inji ke juya farantinsa kai-tsaye ba ta hanyar bel ɗin roba ba, saboda haka yana da ƙarfin jure hannu. Don masu sauraro a falo aka yi shi. Waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa tunanin za a riƙa ja masa faifai baya dare guda ba, sai ga shi samfurin da ya biyo baya a 1979 ya zama abin da kowane DJ ke mafarki. Allura kuma, don kada ta yi tsalle daga siririn layin da take bi, sai a ɗaure mata kwabo a ka da salatif.

Ta uku ita ce wadda nake ganin ta fi nuna kaifin kan mutumin. Yaya za ka koma farkon gaɓa ba tare da ka ɗaga allura ba, ba kuma tare da ka tsaya lalube ba? Flash ya ɗauki alli mai maiƙo ya ja layi a kan faifai, ya mai da takardar tsakiyarsa fuskar agogo. In gaɓa ta fara lokacin da layin ke kallon ƙarfe goma sha biyu, to duk lokacin da ya dawo da shi wurin, ya san inda yake ko da kunnensa bai ji komai ba. Saura lissafin juyi. Babban faifai yana juyi 33 da sulusi a minti, wato juyi ɗaya a sakan 1.8. Ya gano cewa gaɓa mai bugu 16, a irin saurin waƙoƙin da yake sawa, tana cin kimanin juyi shida. In ta tafi gaba bugu 16, sai ya murza faifan baya sau shida, ya tsaya a kan layi.

To yanzu ka tsaya a wurinsa. Faifan hagu ya fara gaɓa, jama'a na ji. Kana da abin da bai kai sakan 11 ba. Hannun dama ya sauka kan faifan dama, ya murza shi baya, ido na ƙirga wucewar layin alli, ɗaya, biyu, har shida. Ka tsayar. Ka ɗan ja shi gaba da baya a hedifon don ka tabbata bugun farko na nan a ƙarƙashin allura, ba gabansa ba, ba bayansa ba. Duk wannan ɗayan kunnenka na ƙirga bugun da ke fita ta lasifika, goma sha uku, goma sha huɗu. Daidai inda bugu na goma sha bakwai zai faɗo, ka saki faifan dama, a lokaci guda ka zame maɓallin miksa daga hagu zuwa dama. In ka yi daidai, ba wanda ya san an sauya faifai. Mai ganga ne kawai da bai gaji ba. Ba ka da lokacin jin daɗi, domin agogo ya sake farawa, yanzu faifan hagu ne za a murza. In ka makara da ƙiftawar ido, mutum ɗari biyu za su ji a gwiwoyinsu, su waiwayo su dube ka. Haka za ka yi ta yi, minti biyar, minti goma, sannan ka zare faifai ɗaya ka ɗora wani ba tare da kiɗa ya yanke ba, kana neman abokinsa a cikin akwati da hannu ɗaya.

Wannan kiɗa ne, ko da kuwa ba ganga a wurin. Mai yin sa yana riƙe da lokaci kamar yadda kowane makaɗi ke riƙewa, yana yanke inda za a maimaita, inda za a gutsure bugu biyu a ninka su, inda za a jefo ƙarar kakaki daga wani faifai daban a kan gangar wannan. Bambancinsa da makaɗi shi ne abin kiɗansa ba ya jiransa. Faifai juyawa yake, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Abin dariya, ranar da Flash ya fito da wannan fasaha a filin unguwa, yana jiran wuri ya kaure, sai jama'a suka yi cirko-cirko suna kallonsa kamar ɗaliban da aka tara a aji. Ba wanda ya taka rawa. Shi da bakinsa ya ce ya koma gida ya yi kwanaki yana kuka. Abin da ya gane shi ne idon mutane ya maƙale a hannunsa, dole a sami wanda zai janye shi. Nan Keith Wiggins, wanda ake kira Cowboy, ya shigo: ya riƙe makirufo ya ce a ɗaga hannu, a yi ihu, mata su amsa, maza su amsa. Herc ma yana da nasa, Coke La Rock, mai kiran sunayen abokai a cikin taro. Aikin mai makirufo na farko bai wuce na sanƙira ba: ya koɗa makaɗi, ya ambaci waɗanda suka halarta, ya zuga fili, ya sa dariya. Daga wannan zugar ce gambarar ta tsiro, aka fara jera baitoci, mutum biyar su riƙa miƙa wa juna jimla ɗaya kalma-kalma. Shi ya sa sunayen ƙungiyoyin farko suke yadda suke: Grandmaster Flash da Furious Five, sunan DJ a gaba, mawaƙa a baya.

Karta kuwa, wannan ƙarar da ko wanda bai san hip-hop ba yana gane ta, yaro ne ya tsince ta. Flash yana ajiye kayansa a gidan abokin aikinsa Mean Gene Livingston, Gene kuma yana da ƙane, Theodore, wanda sai ya taka akwatin madara yake kaiwa ga garmaho. A labarin da Theodore ke bayarwa, wajen 1975, yana ɗan shekara 12 ko 13, ya ƙure kiɗa a ɗaki, mahaifiyarsa ta buɗe ƙofa tana faɗa. Don ya ji me take cewa sai ya dafe faifan, hannunsa kuma bai tsaya cak ba, yana ɗan kai shi gaba yana dawo da shi. Ita tana faɗa, shi hankalinsa na kan abin da ke fita a hedifon. Tana fita ya sake gwadawa, ya ga ai ana iya sa wannan ƙarar ta bi bugu. Ƙarar da kowane mai garmaho ke ɗauka alamar ɓarna ce, ita ya mayar abin kiɗa. Hannu ɗaya na kai faifai da kawo shi, ɗayan na buɗe maɓallin miksa yana rufewa, yana zaɓar wane ɓangare na ƙarar za a ji. Saurin hannu ke ba da kaifin murya, jinkirinsa ke ba da kauri. Grand Wizzard Theodore, sunan da ya ɗauka ke nan, ya kuma ƙware a abin da Herc ke kirdado: ya ɗaga allura ya sauke ta daidai farkon gaɓa, sau bayan sau, har yakan yi da ido a ɗaure.

Da fasaha ta zauna a hannu sai wasa ya shigo. DJ ya juya wa garmaho baya yana zame maɓalli, ya yi da gwiwar hannu, ya yi ta ƙarƙashin ƙafa. Ɓoye sirri ma ya zama wasa. Ana jiƙa faifai a ruwa a ɓare takardar tsakiyarsa don ɗan leƙen asirin wata ƙungiya da ya matso kusa kada ya karanta suna, wasu har takardar wani faifai daban suke liƙawa, su bar abokin hamayya ya yi asarar kuɗinsa a shago. Wani DJ, Afrika Bambaataa, ya shahara da wata tsokana: ya tsinko gaɓar ganga daga waƙar Monkees ko Beatles, ya bari waɗanda ke rantsuwa ba sa jin kiɗan Turawa su yi rawa har su jiƙe, sannan ya gaya musu abin da suka taka. Ga kunnen DJ, faifai ba shi da dangi. In akwai sakan biyar na ganga mai daɗi a ciki, ko na tallan talabijin ne, ya shiga akwati.

Kada begen ya rufe mana ido game da inda ake wannan raha. Babbar hanyar Cross Bronx da mai tsara birni Robert Moses ya ratsa ta tsakiyar unguwanni ta tashi dubban iyalai. Masu hali sun ƙaura. Masu gidajen haya suna sa a cinna wa benayensu wuta don su karɓi kuɗin inshora, birnin kuma, da ya kusa tsiyacewa a 1975, yana rufe tashoshin kashe gobara yana rage darussan kiɗa a makarantu. Yaran da ba a ba su ganga ko kakaki ba, garmahon falo suka samu. Da rani sukan fito da kaya filin wasa, wani ya buɗe gindin fitilar titi ya jona waya. Daren 13 ga Yuli, 1977, wuta ta ɗauke a Niyok na kimanin awa 25, aka fasa shaguna, kuma Grandmaster Caz, ɗaya daga cikin 'yan fagen, bai ɓoye ba cewa shi ma ya samo miksa a daren. Wasu na ganin an kambama labarin, amma da yawa daga 'yan lokacin sun ce bayan daren ƙungiyoyin DJ sun ƙaru a kowane lungu. A shekarar ce kuma aka daɓa wa Herc wuƙa a wurin bikinsa, abin da ya sa ya ja baya. Waɗanda suka yi wannan nishaɗi sun san wuta, sun san wuƙa. Da gangan suka zaɓi dariya, kuma a ganina wannan ne ya sa dariyar tasu ba ta tsufa ba.

Sai faifan gambara ya zo, ya fara da ture DJ gefe. An nemi Flash ya shiga situdiyo tun kafin kowa, ya ƙi, a ganinsa ba mai sayen faifan da aka yi da fayafayan wasu. A 1979 Sylvia Robinson ta kamfanin Sugar Hill ta tattaro samari uku da ba a san su a fagen Bronx ba, ɗayansu ma a shagon fiza ta same shi, ta fitar da "Rapper's Delight", mai tsawon kusan minti 15. Waƙa ce mai daɗi, ba na musu. Akwai dogon labari a cikinta na wanda aka gayyata cin abinci gidan aboki, girkin ya ƙi ciwuwa, yana ta neman hanyar zillewa ba tare da ya ɓata wa uwar gida rai ba. Wa zai yi wannan waƙa yau? Amma babu DJ a cikinta. Makaɗa aka ɗauko haya suka yi ta maimaita gaɓar "Good Times" ta ƙungiyar Chic da hannu, wato an sa makaɗa su kwaikwayi DJ wanda shi kuma makaɗa yake maimaitawa. Wasu baitocin kuma na Caz ne, ba a sa sunansa ba.

Sai a 1981 duniya ta ji ainihin abin a faifai, lokacin da aka fitar da "The Adventures of Grandmaster Flash on the Wheels of Steel". Minti bakwai ne, garmaho uku, kai-tsaye aka naɗa, in ya yi kuskure sai a koma farko. Chic na ciki, Queen na ciki, waƙar "Apache" na ciki. Inda ya fi ba ni dariya shi ne yadda ya gutsuro wurin da mawaƙiyar Blondie ta ambaci sunansa tana yabon saurinsa a waƙar "Rapture", ya sa ta yi ta nanatawa. Mutum bai buɗe baki ba, amma ya cika baki da muryar wata. In wani yana son ya san me ake bege, wannan faifan zan ba shi kafin kowane. Shekara biyu bayan haka Herbie Hancock, gogaggen makaɗin jaz, ya sa Grand Mixer D.ST ya yi karta a "Rockit", suka kuma yi ta a bikin Grammy na 1984. Qbert da Mix Master Mike, waɗanda suka zama zakarun fasahar daga baya, dukansu sun ce a nan suka fara ganin abin.

Iska kuwa ta riga ta fara juyawa. A Disambar 1981, a gidan rawa na Harlem World, Busy Bee ya hau dandamali ya yi abin da ya saba, yana tambayar jama'a wane gidan abinci suka fi so, suna amsawa da ihu. Kool Moe Dee ya biyo bayansa ya kira sunansa, ya yi masa kaca-kaca da baitoci masu kaifi. Kaset ɗin ya zaga gari, kowa ya ce Moe Dee ya yi nasara, kuma ya yi. Ni dai ina ɗan jin tausayin Busy Bee, domin abin da aka kayar a daren har da ra'ayin cewa sa mutane farin ciki ya isa zama gwaninta. A 1982 "The Message" ta fito da zancen talauci da ƙuncin unguwa. Babbar waƙa ce, sunan Flash na jikinta, amma hannunsa bai taɓa ta ba: Melle Mel da Duke Bootee ne da makaɗan situdiyo.

Wasan bai mutu nan take ba, Filadelfiya ya koma. Can Spinbad da Cash Money da Jazzy Jeff suka fito da kartar da ake datsa ƙara gutsi-gutsi da maɓalli har ta yi kama da ta mutum-mutumin zanen yara na Transformers. Jeff yana iya sa faifai ya yi kukan tsuntsu, abokinsa Fresh Prince, wato Will Smith, na gefe yana zuga shi. Su suka ci Grammy ta farko da aka ware wa gambara a 1989, da waƙar ƙorafi a kan iyayen da ke saya wa ɗansu tufafin da suka daina yayi, kuma ba su je karɓa ba saboda an ce ba za a nuna ɓangaren a talabijin ba. Har lokacin sunan DJ ne a gaba.

Abin da ya karɓe aikin daga hannu na'ura ce. SP-1200 ta kamfanin E-mu, wadda ta fito a 1987, tana haddace sakan goma na sauti ta yi ta maimaitawa ba gajiya ba kuskure. An yi manyan ayyuka da ita. DJ ɗin biki na yau kuma, a Kano yake ko a Niyok, kwamfuta ce ke daidaita masa saurin waƙoƙi biyu da danna maɓalli ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba, kowa da kayan zamaninsa. Sai dai akwai abin da ke faruwa a fili idan jama'a sun san allura na iya tsalle, sun san mutumin can yana tafiya ne a kan siradi, kowane sakan 11 yana iya faɗuwa, kuma bai faɗi ba. Ihun da ake yi masa daban yake da wanda ake yi wa waƙa.

Sannan lauyoyi suka iso. Wanda tsautsayin ya faɗa wa kuwa shi ne mafi barkwancin kowa, Biz Markie, mai kiɗan ganga da baki, mai tara fayafayai kamar hauka, wanda ya taɓa yin waƙa sukutum a kan ƙwaƙular hanci, ya kuma yi suna a 1989 da "Just a Friend" inda yake rera amshi da muryar da shi ma ya san ba ta kan hanya. A 1991 Gilbert O'Sullivan ya kai shi kotu saboda ya ɗebi wani yanki na waƙarsa ba izini. Alƙali ya buɗe hukuncinsa da dokar Attaura mai hana sata, aka janye kundin daga kasuwa, daga ranar kuma kowane gutsuren sauti sai an nemi izini an biya. Tsince-tsincen da aka gina kiɗan a kai ya zama abin da sai mai kuɗi. Biz, wanda ya ƙarasa yawancin rayuwarsa yana DJ a bukukuwa har rasuwarsa a 2021, bai yi dogon fushi ba. Kundinsa na gaba, a 1993, ya sa masa suna "All Samples Cleared!", wato an biya kowa haƙƙinsa, a hoton bangon kuma ga shi a kotu, shi ne wanda ake tuhuma, shi ne kuma alƙali da gashin dokinsa a ka.